Ina son zama likitan haƙori, amma darussan kimiyya ba sa shiga raina: akwai mafita?

Wannan tambaya ba baƙuwa ba ce a wajen duk wanda ya taɓa koyar da ɗaliban ajin farko a jami'a. Ɗalibi ne ko ɗaliba, yana sha'awar aikin likitan haƙori, yana ganin sana'a ce mai mutunci da rufin asiri, amma da an shiga ajin kemistiri sai barci ya kama shi, fiziks kuwa ko sunansa ba ya son ji. Shin ya haƙura ya nemi wani fanni tun da sauran lokaci, ko ya daure ya wuce wurin?

Amsar ta dogara da abu biyu. Na farko, ƙasar da mutum yake karatu, domin tsarin ba ɗaya ba ne. Na biyu, kuma shi ne mafi nauyi, mene ne ainihin abin da mutum ya tsana idan ya ce "ba na son kimiyya".

A Amurka aka fi yin wannan tambaya da wannan siga, saboda a can sai mutum ya yi digirin farko kafin ya nemi makarantar likitan haƙori, wadda ita ma shekara 4 ce. Abin da yake ba mutane mamaki shi ne, makarantun ba su damu da fannin da ka yi digirin a kansa ba. Wanda ya karanta tarihi ko kiɗa ko harsuna yana iya nema. Sai dai akwai darussan da babu makawa sai ka yi su a gefe: galibi zango biyu na bayoloji, zango biyu na kemistiri na gama-gari, zango biyu na oganik kemistiri, zango biyu na fiziks, duk da aikin ɗakin gwaji, kuma makarantu da yawa sun ƙara da bayokemistiri. Bayan haka ga jarrabawar shiga mai suna DAT, wadda ƙungiyar likitocin haƙori ta Amurka take shiryawa. Sashen kimiyya na jarrabawar tambaya 100 ne cikin minti 90: bayoloji 40, kemistiri 30, oganik 30. Babu fiziks a ciki, wannan kam albishir ne ga wasu. Bashin karatun da ɗalibi yake fitowa da shi a 'yan shekarun nan yana kai-kawo a wajen dala 300,000, ka ga ba hanya ce da ake shiga don gwaji ba.

A Najeriya ƙofar ta fi ƙunci tun daga waje. Digirin likitan haƙori, BDS, ana shiga shi ne kai tsaye daga sakandare, shekara 6 ne idan yajin aiki bai tsawaita shi ba. Sai kana da kiredit a Turanci, lissafi, fiziks, kemistiri da bayoloji, kuma a JAMB Turanci da waɗancan kimiyyoyi uku za ka rubuta. Shekarar farko kusan duk fiziks ne da kemistiri da bayoloji. Daga nan sai ilimin sassan jiki, da yadda jiki ke aiki, da bayokemistiri, yawanci a aji ɗaya da ɗaliban likitanci, gawa ɗaya ake feɗewa. Sai ilimin cututtuka da na magunguna, kafin a zo kan haƙorin kansa. Bayan kammalawa akwai shekara guda ta koyon aiki a asibiti kafin hukumar MDCN ta ba da cikakkiyar rajista. A arewa, Jami'ar Bayero ta Kano da Jami'ar Maiduguri suna cikin masu wannan kwas. Ɗalibin da ya riga ya shiga jami'a a wani fanni, hanyarsa ita ce ya sake JAMB, ko ya gama digirin kimiyya da sakamako mai kyau ya nemi shiga aji biyu kai tsaye, kuma guraben ba su da yawa.

To, a duk tsarin biyu babu hanyar zagaye. Abin da ya rage a tambaya shi ne: wannan kimiyya da ake tilasta wa mutum, shinge ce kawai da za a tsallake a manta, ko kuwa tana bin likita har kujerar aiki?

Abin da ke faruwa a baki bayan kofin shayi

Bari mu ɗauki cutar da likitan haƙori ya fi gani, wato kogon haƙori, wanda da yawa a cikinmu muka taso muna jin cewa tsutsa ce take cinsa. Babu tsutsa. Tun a 1890 wani likitan haƙori Ba'amurke da ke aiki a Jamus, Willoughby Miller, ya nuna cewa ƙwayoyin bakteriya na baki suna cin sukari su fitar da asid, asid ɗin ne yake narkar da haƙori.

Farin ɓawon da ya lulluɓe haƙori shi ne abu mafi tauri a jikin ɗan Adam. Kusan kashi 96 cikin ɗari nasa ma'adini ne na kalsiyom da fosfet. Duk da taurinsa, yana da rauni guda: asid. Masana suna auna tsamin abu da ma'aunin pH, inda 7 yake tsaka-tsaki, kuma duk saukar maki ɗaya tana nufin asid ya ninka sau goma. Yawun mai lafiya yana kusa da 7. Idan tsamin da ke jikin haƙori ya sauko ƙasa da kimanin 5.5, ma'adinin sai ya fara zagwanyewa, kalsiyom yana fita.

A shekarun 1940 wani mai bincike, Robert Stephan, ya auna tsamin dauɗar nan mai danƙo da ke manne wa haƙora bayan an kurkure baki da ruwan sukari. Cikin 'yan mintuna ma'aunin yake faɗowa ƙasa, sannan ya ɗauki rabin awa zuwa awa guda kafin yawu ya wanke asid ɗin ya mayar da shi daidai. Yawu yana ɗauke da bayikabonet da ke kashe kaifin asid, yana kuma ɗauke da kalsiyom da fosfet da suke komawa su cike inda ya zaizaye. Ke nan haƙori kullum cikin ba-ni-in-ba-ka yake, yana rasa ma'adini yana samu. Kogo yana fitowa ne idan rashi ya rinjayi samu na tsawon watanni.

Daga wannan ɗan bayani kaɗai likita yake ciro shawarar da ta fi kowace amfani. Wanda ya shanye kofin shayi mai sukari cokali huɗu a zama ɗaya, bakinsa ya yi tsami sau ɗaya. Wanda ya ajiye kofi ɗaya a gefe yana kurɓa daga hantsi har azahar, ko yaron da ake ba alawa ɗaya-ɗaya duk yini don ya yi shiru, bakinsa bai samu sararin farfaɗowa ba ko kaɗan. Yawan lokutan shan zaƙi yana da nauyi sosai, ba yawan sukarin kaɗai ba. An tabbatar da wannan ta wata hanya mai muni a asibitin Vipeholm na ƙasar Suwidin, daga tsakiyar shekarun 1940 zuwa farkon 1950, inda aka riƙa ciyar da masu lalurar ƙwaƙwalwa alawa mai danƙo tsakanin abinci don a ga yadda haƙoransu za su ruɓe. Yau babu kwamitin ɗa'a da zai amince da irin wannan bincike.

Sai maganar fulorayid da ke cikin man goge baki. Idan ya shiga cikin ma'adinin haƙori, sai ya zama ba ya fara narkewa sai tsami ya kai wajen 4.5, wato sai asid ya ninka kusan sau goma. A 1945 garin Grand Rapids na jihar Michigan ya zama na farko da ya zuba shi a ruwan famfo da gangan. Amma sinadarin nan ɗan ƙiris ake so. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar miligiram 1.5 a lita ɗaya ta ruwan sha. Idan ya wuce, haƙoran yara sukan fito da dabbare-dabbare fari ko ruwan ƙasa, idan ya yi yawa ƙwarai ya taɓa ƙashi. Mutanen Tibiri, kusa da Maraɗi, sun ga haka da idonsu: ruwan rijiyar burtsatse mai yawan fulorayid da garin ya sha tun daga tsakiyar shekarun 1980 ya bar yara masu yawa da lanƙwasassun ƙafafu da ɓatattun haƙora. Likitan da aka kawo wa yaro mai jajayen haƙora, idan ya san wannan, tambayarsa ta farko ita ce wane ruwa ake sha a gidan.

Duk abin da muka faɗa a nan, kemistirin aji ɗaya ne: asid, pH, narkewar gishiri, daidaituwar sinadarai. Darussan da ɗalibi yake hamma a kansu ke nan.

Me ya sa allura ba ta kama haƙori mai ƙurji?

Ga wani misali da duk wanda ya taɓa kwana da kumburarren kunci zai gane. An yi maka allurar kashe zafi, leɓe ya yi nauyi, amma da likita ya taɓa haƙorin sai ka zabura.

Maganin da aka fi amfani da shi, lidoken, wani masanin sinadarai ɗan Suwidin mai suna Nils Löfgren ne ya haɗa shi a 1943. Idan ya shiga jiki yana rabuwa gida biyu: wani kaso yana ɗauke da cajin lantarki, wani ba ya ɗauke da shi. Marar cajin ne kaɗai yake iya ratsa bangon jijiya mai maiƙo. Idan ya shiga ciki sai ya ɗauki caji ya toshe ƙofofin da sodiyom yake bi, saƙon zafi ya kasa tafiya zuwa ƙwaƙwalwa. A naman da yake lafiya, mai pH 7.4, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na maganin ba shi da caji, kuma wannan ya isa. Naman da ya yi ƙurji kuwa ya fi tsami. Idan ya sauko zuwa 6, abin da zai iya ratsawa bai fi kashi ɗaya cikin ɗari da 'yan kai ba. Ba wannan ne kaɗai dalili ba, domin kumburi yana sa jijiya ta ƙara saurin jin zafi, jini kuma yana kwashe maganin da wuri. Amma likitan da ya fahimci lissafin ba zai tsaya yana ta ɗura allura a cikin ƙurji ba. Zai koma can baya ya kashe babbar jijiyar da ke shiga muƙamuƙi, inda naman yake lafiya. Don ya yi haka kuma dole ya san inda jijiyar take bi a cikin ƙashi ba tare da yana ganinta ba, da jijiyoyin jinin da ke maƙwabtaka da ita.

Ƙara allura kuma yana da iyaka. 'Yar kwalbar lidoken mai ƙarfin kashi 2 cikin ɗari tana da miligiram 20 a kowace mililita, kwalba mai mililita 1.8 ke nan tana da miligiram 36. Ƙungiyar likitocin haƙorin yara ta Amurka ta sa iyakar miligiram 4.4 ga kowane kilo na nauyin yaro. Yaro mai kilo 20 iyakarsa miligiram 88, bai kai kwalba biyu da rabi ba. Wuce wannan da yawa yana iya jawo jijjiga ko ya taɓa zuciya. Lissafin ba mai wuya ba ne, ɗan sakandare zai yi shi, amma dole a yi shi daidai kowace rana, yaro yana kuka, uwa tana tsaye a kai.

Haka abin yake ta ko'ina. Farin cikon da ake yi wa haƙori yana kamawa ne saboda Michael Buonocore ya gano a 1955 cewa shafa asid na fosforik yana buɗe ƙananan ramuka a ɓawon haƙori, kuma shuɗiyar fitilar da ake haskawa ita take tayar da sinadarin da ke sa cikon ya daskare. Injin huda haƙori yana juyawa sama da sau 300,000 a minti, shi ya sa yake fesa ruwa, domin ɗan ƙarin zafi na maki 5 ko 6 a cikin ɓargon haƙori yana iya kashe shi. Ga kuma majinyacin da ya zo da ciwon suga, ko hawan jini, ko sikila, ko yana shan maganin tsinka jini, ko mai juna biyu. Ƙurjin haƙorin ƙasa da aka yi wa sakaci yana iya gangarawa ƙarƙashin harshe ya toshe numfashi. Baki ba a ware yake da sauran jiki ba, dalilin da ya sa ake sa ɗalibin haƙori ya zagaya ɗakunan marasa lafiya tare da 'yan uwansa ɗaliban likitanci ke nan.

Gaskiya ne likitan da ya shekara goma yana aiki ba ya zama yana zana tsarin sinadaran oganik, kuma akasarin abin da ya haddace don jarrabawa ya tafi. Abin da ya rage masa shi ne salon tunanin: me ya jawo wannan, me zai faru idan na yi kaza, wace hujja ce ta nuna sabon maganin da ɗan talla ya kawo ya fi tsohon.

Kimiyyar ka tsana ko yadda aka koyar da ita?

A nan ne ya kamata ɗalibi ya tsaya ya yi wa kansa adalci. Mutane da yawa da ke cewa ba sa son kimiyya, abin da suka sani da sunan kimiyya shi ne ɗaki mai ɗalibai ɗari biyar, lasifika tana ƙara, malami yana karanto takarda, ɗakin gwaji babu kayan aiki. Ƙin wannan ba ƙin kimiyya ba ne.

Akwai bincike a kan haka. Elaine Seymour da Nancy Hewitt sun yi hira da ɗaruruwan ɗaliban jami'o'in Amurka, suka fitar da littafi a 1997, inda suka nuna cewa waɗanda suka bar fannonin kimiyya ba su gaza waɗanda suka zauna ƙoƙari ba, kuma rashin kyawun koyarwa yana cikin manyan koke-koken ɓangarorin biyu. A 2014 Scott Freeman da abokan aikinsa suka tattara bincike 225: a azuzuwan da malami yake magana shi kaɗai, kusan kashi 34 cikin ɗari na ɗalibai suke faɗuwa, a waɗanda ake sa ɗalibai warware matsala da tattaunawa kuwa kusan kashi 22. Wani gwajin da Chris Hulleman da Judith Harackiewicz suka wallafa a 2009 ya fi ba mu sha'awa saboda sauƙinsa. An sa 'yan sakandare su riƙa rubuta yadda darasin kimiyya ya shafi rayuwarsu, sai sha'awa da maki suka ƙaru a wajen waɗanda da ma ba su sa ran za su iya ba.

Saboda haka ga gwaji mai arha. Idan bayanin shayi da na allura da ka karanta a sama sun sa ka ce "ashe haka abin yake", har kana son ƙari, to matsalarka da aji ce, kuma tana da magani: karatu cikin rukuni, warware tsofaffin tambayoyi maimakon maimaita karanta takarda, da neman inda kowane babi ya haɗu da jikin mutum. Ɗalibai da dama da suka sha wuya a fiziks na shekarar farko sukan farfaɗo idan aka zo kan sassan jiki da cututtuka, don a nan suna ganin amfanin abin a fili.

Idan kuwa ka tsallake waɗancan sakin layi don sun gundure ka, kuma yadda jiki yake aiki bai taɓa sa ka tambaya ba, to a ganinmu kada ka yaudari kanka da cewa shekara ɗaya ce za ka daure. Karatun yana ƙara nauyi ne yayin da ake hawa, kuma a makarantun likitanci na Najeriya wanda ya yi ta faɗuwa a jarrabawar ƙwarewa akan sallame shi ko a mayar da shi wani sashe bayan ya zubar da shekara uku. Son kuɗi ko son a kira mutum dakta ba ya riƙe shi a daren da zai haddace jijiyoyi goma sha biyu na ƙoƙon kai da ramukan da kowace take fita.

Akwai kuma wani ɓangare da masu wannan tambaya sukan manta da shi gaba ɗaya, alhali yana iya fin kemistiri yanke hukunci. Aikin haƙori aikin hannu ne. Ana yin sa a wuri mai duhu, mai jiƙe, wanda bai fi faɗin tafin hannu ba, a kan mutum mai tsoro da ke motsi, kuma sau da yawa ta cikin ɗan madubi inda komai yake a juye. Kuskuren rabin milimita yana iya sa a huda ɓargon haƙori. Shi ya sa jarrabawar DAT take da sashe guda na tambaya 90 da ba ya tambayar kimiyya ko kaɗan, siffofi ne kawai ake juyawa a ga ko idonka yana hango su ta kowace fuska. Ɗalibai suna shafe watanni suna sassaƙa haƙoran roba a kan kan mutum-mutumi kafin a bar su su taɓa ɗan Adam. Wanda ya iya ɗinkin hula, ko zanen lalle, ko gyaran waya, yana da wani jari a nan wanda mai maki 300 a JAMB ba lalle ya samu ba. Ciwon wuya da na baya kuma abokan sana'ar ne.

Don haka kafin ka sake sayen fom, nemi izini ka zauna a asibitin haƙori na kwana biyar ko mako biyu, daga buɗewa har tashi. A Amurka makarantu da yawa suna neman shaidar irin wannan zama kafin su ɗauki ɗalibi. Ka ga jini da ruɓaɓɓen haƙori, ka ji warin, ka ga yadda ake lallashin yaro da dattijon da ya rantse ba za a taɓa shi ba. Ka tambayi likitan abin da ya fi gajiyar da shi.

Buƙatar ma'aikata kam ba abin musu ba ce. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022 ya ƙiyasta cewa kusan mutum biliyan 3.5 ne ke fama da cututtukan baki. A yankinmu ga cutar noma mai cin fuskar ƙananan yara masu tamowa, wadda take farawa da ciwon dasashi da za a iya tsayarwa da wuri. Akwai asibiti na musamman dominta a Sakkwato tun 1999, kuma a Disambar 2023 hukumar ta sa ta a jerin cututtukan da aka yi wa sakaci, bayan buƙatar da Najeriya ta jagoranta.

Ba likita kaɗai ke wannan aiki ba. Akwai masu kula da tsaftar baki da wanke haƙora da wayar da kan jama'a, akwai kuma masu ƙera haƙoran roba da rawanin haƙori a ɗakin aiki, waɗanda sana'arsu ta fi kusa da sassaƙa. Kowane rukuni yana da hukumar rajistarsa a Najeriya, kuma karatunsu bai kai na BDS tsawo da zurfin bayokemistiri ba. Su ma dai ana neman kiredit na kimiyya kafin shiga, kuma mai ƙera haƙori sai ya san yadda roba da ƙarfe da tangaran suke canzawa idan sun ji zafi.